Tantanin mabiyiya a kan gyambon ƙafar masu ciwon sukari: abin da yake yi da inda ƙarfinsa ya tsaya

Daga cikin magungunan da ake yawan ambata a ƴan shekarun nan kan gyambon ƙafa na masu ciwon sukari, akwai wanda in mutum ya ji sunansa sai ya ce a maimaita masa: tantanin mabiyiya. Shi ne siririyar fatar nan da ke lulluɓe da jariri da ruwansa a cikin ciki, wadda ke fashewa lokacin naƙuda, ta fito tare da mabiyiya bayan haihuwa. A takardun likitoci ana rubuta shi da Faransanci "membrane amniotique". Ana karɓar sa daga mai haihuwa da yardarta, a tsabtace shi, a adana, daga baya a shimfiɗa shi a kan mikin da ya ƙi warkewa. Ba camfi ba ne, an gwada shi a asibitoci kuma an ga amfaninsa. Sai dai amfanin na da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne suka fi shafar mai jinya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Dalilin da ya sa gyambon ke daɗewa

Sukarin da ya daɗe yana hawa a jini yana yi wa ƙafa ɓarna ta fuska uku. Yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, har mutum ya taka ƙaya ko ƙusa, ko ya ratsa rairayi mai zafi da rana tsaka, bai ji komai ba. Yana ƙuntata hanyoyin jini, abinci da iska su rage isa ga yatsu da dunduniya. Yana kuma raunana garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Shi ya sa abin da ke zama gyambo yakan fara da abin da ba a ɗauke shi komai ba: faso da ya tsage da hunturu, kanta a ƙarƙashin babban yatsa, sabon takalmi da ya goge fata, ƙuna daga jin ɗumin garwashi, ko farce da aka yanke da reza har ya taɓa nama.

Wani nazari da mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon sukari za su yi gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu. Fiye da rabin waɗannan gyambunan kan kamu da ƙwayoyin cuta, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda kamuwar ta yi tsanani kan ƙare da yanke yatsa, ko wani sashe na ƙafa, ko ƙafar baki ɗaya.

A jikin mai lafiya, miki yana bin matakai: jini ya tsaya, wurin ya ɗan kumbura na kwanaki yayin da jiki ke share datti, jan nama ya tsiro daga ƙasa, fata ta taho daga gefe ta rufe. Gyambon mai sukari yakan maƙale a matakin kumburi. Sinadaran da aikinsu shi ne narkar da mataccen nama sukan yi yawa, su riƙa cinye sabon naman da jiki ke ƙoƙarin ginawa. Kamar mai yaɓe ne a tsakiyar damina: abin da ya shafa da safe, ruwan yamma ya wanke. Wannan maƙalewar ce ake neman warwarewa da tantanin mabiyiya.

Abin da ke cikin tantanin

Jakar da jariri ke ciki hawa biyu ce. Na ciki, wanda ke taɓa ruwa, ana ce masa amniyon. Sirantarsa ba ta wuce rabin milimita, kuma babu hanyar jini ko jijiya a cikinsa. Na waje, koriyon, ya fi kauri. Wasu kamfanoni na amfani da na cikin kaɗai, wasu su haɗa biyun, wasu kuma igiyar cibiya suke sarrafawa, domin ta fi kauri kuma ta fi dacewa da miki mai ɗan zurfi.

Tantanin yana ɗauke da zaren kolajin, wanda shi ne saƙar da ƙwayoyin fata ke bi su hau. Yana da sinadaran da ke zaburar da tsirowar nama da sababbin ƙananan hanyoyin jini, da kuma waɗanda ke taka wa masu narkar da nama birki. Wani abin da ya sa likitoci ke son sa shi ne jiki ba ya yawan ƙin sa, ko da daga wani mutum ya fito, saboda haka ba a buƙatar gwajin dacewa irin na ƙarin jini. Mai jinya ma yakan ji sauƙin raɗaɗi in an rufe mikin da shi.

Amma a gane: tantanin ba ya zama fata. Ba dashe ba ne irin wanda ake yanko fatar cinya a manna. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan narke ya shige cikin mikin, shi ya sa ake maimaita sa shi. Fatar da za ta rufe wurin ta mai jinyar ce, jikinsa ne zai yi ta, in yana da jinin da zai yi aikin.

Ba sabon abu ba ne

A 1910 wani likitan tiyata na asibitin Johns Hopkins a Amurka, John Staige Davis, ya ba da rahoton amfani da tantanin a madadin fata. A 1913 wasu likitoci biyu, Stern da Sabella, suka sa shi a kan ƙuna da gyambo. A 1940 aka fara gwada shi a ido. Daga baya aikin ya ja baya, saboda ɗanyen tantani ba ya ajiyuwa, sannan ɓullar cutar Sida a shekarun 1980 ta sa kowa ya ji tsoron ɗaukar nama daga jikin wani zuwa na wani. Ya dawo ne a tsakiyar shekarun 1990 ta hannun likitocin ido, bayan an samu hanyar daskarar da shi da kuma ingantaccen awon jini. Har yau a Faransa likitocin ido ne suka fi amfani da shi, kuma daga rumbunan adana sassan jiki masu izinin hukuma suke karɓo shi. A ƙasashe kamar Indiya an daɗe ana sa shi a kan ƙuna saboda arharsa. Amfani da shi a gyambon masu sukari kuwa ya bunƙasa ne a Amurka bayan 2010.

Daga ɗakin haihuwa zuwa ƙafar mai jinya

Ba kowace mabiyiya ake ɗauka ba. Galibi ana karɓa ne daga matar da aka tsara za a yi wa tiyatar haihuwa, domin a nan mabiyiyar ke fitowa cikin tsabtar ɗakin tiyata ba tare da ta bi hanyar haihuwa ba. Ana neman yardar matar a rubuce, a bincika tarihin lafiyarta, a auna jininta kan Sida, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ba a taɓa jariri, ba a kuma canza komai a haihuwar.

Daga nan a ɓare tantanin, a wanke shi sau da yawa, a adana. Hanya ɗaya ita ce daskarewa a sanyin da ya kai digiri 80 ƙasa da sifiri. Wannan na riƙe wasu ƙwayoyin halitta da ransu, amma yana buƙatar firigo na musamman da kuran da ba ya ɗaukewa, abin da duk mazaunin garuruwanmu ya san wuyarsa. Ɗaya hanyar ita ce busarwa da kashe ƙwayoyin cuta, tantanin ya koma kamar siririyar takarda a cikin leda, ya yi har shekara biyar a kan kanta.

Ranar sawa, likita zai fara da kankare mataccen nama da kantar da ke kewaye da mikin har sai ya ga jan nama mai jini. Ya yanka tantanin daidai girman wurin, ya shimfiɗa, ya jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti in busasshe ne, ya ɗora abin rufi marar mannewa, ya naɗe. Ana maimaitawa kowane mako ko kowane mako biyu, sau da yawa har tsawon mako 12.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da ya ja hankalin duniya an buga shi a 2013, kan wani busasshen tantani mai suna EpiFix na kamfanin MiMedx. Mutum 25 ne kacal a ciki. Bayan mako shida, 12 cikin 13 da aka sa wa tantanin sun warke, a ɗaya ɓangaren kuwa mutum 1 cikin 12. A 2014 aka buga gwajin Grafix, wanda daskararre ne, a kan mutum 97: kashi 62 cikin 100 sun warke a mako 12, waɗanda aka yi wa kulawar yau da kullum kuma kashi 21. A 2019 wani gwajin EpiFix da ya fi girma, mai mutum 110 a cibiyoyi 14, ya ba da kashi 70 da kashi 50.

A duba lambobin nan da kyau. A gwajin farko, kashi 8 ne kawai suka warke ba tare da tantani ba. A na ƙarshe, rabinsu. Tazarar ta ragu ƙwarai da aka ƙara yawan mutane, aka kuma tsaurara kulawar yau da kullum a ɓangarorin biyu. Ma'ana, wani babban kaso na warkewar daga kankarewa da wanki da ɗauke nauyi yake zuwa, tantanin ƙari ne a kai. Ƙarin na gaske ne, mutum 20 cikin 100 ba abin rainawa ba ne, amma bai kai yadda masu talla ke zuzutawa ba.

Akwai kuma wasu abubuwan lura. Kamfanonin da ke sayar da kayan su ne suka biya kuɗin mafi yawan gwaje-gwajen. An bi masu jinya na ƴan watanni ne kawai, kuma abin da aka auna shi ne rufewar miki, ba yawan ƙafafun da aka ceto daga yankewa ba. Mafi muhimmanci gare mu shi ne irin mutanen da aka ɗauka: masu ƙaramin miki, wanda bai wuce santimita murabba'i 25 ba, bai kai ƙashi ba, babu mugunya, kuma an auna an tabbatar jini na isa ƙafar. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu jinyar ƙafa a babban asibiti ya san ba haka yawancinsu ke zuwa ba. Sukan zo bayan makonni ana shafa garin magani a gida, ƙafa ta kumbura, tana wari, yatsa ya yi baƙi. Irin wannan ƙafar ba a sa mata tantani ko a Amurka. Rufe miki mai mugunya ƙara wa cuta mafaka ne.

Ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu ciwon sukari, wadda aka sani da IWGDF, ta sanya kayan mabiyiya cikin jagororinta na 2019 da 2023. Matsayinta shi ne ana iya duba yiwuwar amfani da su a matsayin ƙari idan kyakkyawar kulawa ita kaɗai ta gaza, kuma ta bayyana cewa hujjar ba mai ƙarfi ba ce. Likitoci da dama na bin ma'aunin mako huɗu: in an yi duk abin da ya kamata amma faɗin mikin bai ragu da rabi ba, to lokaci ya yi da za a nemi ƙarin dabara. Tantanin ɗaya ne daga cikin dabarun. Akwai kuma abin rufi na kamfanin Urgo na Faransa, UrgoStart, wanda a gwajin mutum 240 da aka buga a 2018 ya ba da kashi 48 da kashi 30 a mako 20.

Maganar kuɗi

A nan ne labarin ya ɗan yi muni. A Amurka, kuɗin da inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, ke kashewa kan kayan rufe miki irin waɗannan, waɗanda da yawansu na mabiyiya ne, ya tashi daga kimanin dalar Amurka miliyan 250 a 2019 zuwa sama da biliyan 10 a 2024. Ba yawan masu gyambo ne ya ninka haka ba, farashi ne da haɗama. A jihar Arizona wasu miji da mata sun amsa laifin zambar da ta kai dalar Amurka biliyan 1.2, inda aka riƙa manna tantanin a jikin tsofaffi, wasunsu suna kan gargarar mutuwa, ba don suna buƙata ba. Hukumar ta yanke cewa daga Janairun 2026 za ta biya farashi ɗaya, kimanin dalar Amurka 127 kan kowane santimita murabba'i.

Ko wannan ragaggen farashin ya kai wajen jika 70 na sefa. Mikin da faɗinsa da tsawonsa santimita bibbiyu ne zai ci kusan jika 280 a sawa ɗaya, kuma sawa ɗaya ba ta isa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Abin takaicin shi ne ainihin kayan kyauta ne, kullum ana haihuwa; tsadar na cikin awon jini, sarrafawa, adanawa da ribar kamfani. Asibitin da ke da ɗakin tiyata mai tsabta da ɗakin awo abin dogaro na iya koyon sarrafa tantanin da kuɗi kaɗan, kamar yadda aka yi a wasu ƙasashen Asiya, amma wannan aikin hukuma ne da doka da sa ido, ba na mutum ɗaya a bayan shago ba.

Abin da dole ya riga tantanin

Babu gwajin da aka sa tantani shi kaɗai. Kowane mai jinya an kankare masa miki a kai a kai, an magance ƙwayoyin cuta, an duba jinin ƙafarsa, an daidaita sukarinsa, an kuma ɗauke nauyi daga wurin. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ginshiƙi. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa muddin ana taka shi, kuma mai sukari zai ci gaba da takawa tunda ba ya jin zafi. Hanyar da ta fi inganci ita ce ɗaurin filasta irin na karaya da ke rungume ƙafa daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa, yana rarraba nauyi, kuma mai jinya ba ya iya cire shi don ya je kasuwa. Dabarar daga jinyar kutare ta fito: likita Paul Brand ya yaɗa ta a Indiya, daga baya ya kai ta Amurka ya nuna tana aiki ga masu sukari, domin mutuwar jijiya iri ɗaya ce. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu, inda asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana kula da masu kuturta. Inda filasta bai samu ba, takalmi na musamman, soso mai kauri da aka yanke wa rami daidai mikin, ko sandunan dogarawa, duk sun fi takawa kai tsaye.

A Tanzaniya, shirin horar da likitoci da malaman jinya da Dakta Zulfiqarali Abbas ya jagoranta tun 2003 ya nuna cewa duba ƙafa, kankare kanta da saurin tura mai jinya gaba na rage yanke ƙafa ba tare da kaya masu tsada ba.

Al'ada, addini da wani gargaɗi

A ƙasar Hausa mabiyiya ba shara ba ce. Ana wanke ta a binne a cikin gida, kuma mutum kan kira garinsu inda aka binne cibiyarsa. Saboda haka duk ranar da za a fara karɓar ta a asibitocinmu, sai da bayani da yardar mai haihuwa da iyalinta. Tantanin kaɗai ake buƙata, ana iya mayar da sauran a binne yadda aka saba. Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta amfana da sassan jikin ɗan Adam don magani bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da su. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 2003, ta halatta ɗibar ƙwayoyin halitta daga mabiyiya da cibiya don magani in iyaye sun yarda.

Kada wani ya karanta wannan ya je wurin ungozoma neman ɗanyar mabiyiya, ko ta mutum ko ta dabba, ya ɗora a miki. Ɗanyen nama ne da ke ruɓewa cikin sa'o'i a zafinmu, yana iya ɗauke da Sida ko ciwon hanta, kuma a ƙafar mai sukari hanya ce mafi kusa zuwa ga yankewa. Haka nan man shafawa, sabulu da allurai masu ɗauke da kalmar "placenta" a jikin kwali ba su ne tantanin da aka yi gwaje-gwajen nan a kansa ba.

Wanda aka yi wa tayin wannan magani, a gida ko a tafiyar jinya waje, yana da haƙƙin ya tambaya: an auna yadda jini ke isa ƙafata? An ɗauki hoton ƙashi an tabbatar cuta ba ta shige shi ba? Mene ne sunan kayan, wace hukuma ta ba shi izini, sau nawa za a sa, nawa ne jimillar kuɗin? Da me za a ɗauke nauyi daga ƙafar? Likitan da ya tsallake tambayar ƙarshe bai gama tsara jinyar ba.

Bayan miki ya rufe

Ko da tantani ko babu, rufewar miki ba ƙarshen jinya ba ce. Nazarin 2017 da aka ambata a sama ya nuna kusan mutum 40 cikin 100 gyambon kan dawo musu cikin shekara ɗaya, kusan 65 cikin shekara biyar, domin jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Mai sukari na da damar duba ƙafarsa sau biyar a rana lokacin alwala: tafin ƙafa, dunduniya da tsakanin yatsu, da madubi ko idon wani in gani ya yi rauni. A tsane tsakanin yatsu da kyau, a shafa mai a dunduniya amma ban da tsakanin yatsun, a zazzage takalmi kafin a sa, a daina tafiya ba takalmi ko a tsakar gida ne, a taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu kafin ƙafa ta shiga. In an ga ja, kumburi, ɗumi a wuri ɗaya, ruwa a safa, wari, ko yatsa ya canza launi, a je cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, ko babu zafi. In akwai zazzaɓi ko baƙi ya bayyana, a wuce babban asibiti kai tsaye.